Turmi a Ƙofar Tirela

A wurinmu idan aka ce wane yana kwana a mota, an gama ba da labarinsa. Ko dai direba ne da dare ya riska a hanya, ko yaron mota mai gadin kaya, ko kuwa wanda duniya ta juya wa baya. Shi ya sa na daɗe ina juya yadda zan faɗa wa mutanen gida cewa ni da iyalina mun bar gidan haya a Amurka mun koma zama cikin tirela. Ba korar mu aka yi ba, kuma da guminmu muka saye ta, sabuwa dal. Yau makonmu goma sha ɗaya a ciki, kuma sai yanzu nake jin zan iya ba da labarin.

Bari in fara kwatanta abin, domin kalmar tirela tana iya kai hankalin mai karatu ga masu dakon albasar Galmi. Wannan ɗaki ne da falo da madafa da banɗaki a kan tayoyi huɗu, ba ta da inji, sai an ja ta. Tsawonta mita 11, faɗinta mita biyu da rabi, tsayinta kusan mita 4. Gabanta a ɗage yake, yana hawa bayan babbar a-kori-kura. A ƙarƙashin gaban akwai guntun ƙarfe mai kaurin santimita 5 da ke shiga bakin wani faifan ƙarfe mai siffar kofaton doki, wanda aka ɗaure a bayan motar, daidai saman tayoyin baya. Irin haɗin kan tirela da bodinta ne sak, sai dai ƙarami. Amurkawa suna kiran wannan faifai da sunan da ke nufin taya ta biyar. Sun gaji sunan tun zamanin keken doki, lokacin da ake kwantar da wani zoben ƙarfe bisa ƙafafun gaba don keken ya iya juyawa, daga baya sunan ya bi tirelar ɗungurungum. Idan an yi zango, sai a danna maɓalli, ɓangarori uku na jikinta su turo waje kamar aljihun tebur, cikin ya buɗe ya kai kusan murabba'in mita 30. Iyakar gidan ke nan.

Abin da ya kai mu ga wannan shawara ba sha'awar yawon buɗe ido ba ce. Uwargida ma'aikaciyar jinya ce, irin waɗanda asibitoci ke ɗauka na ɗan lokaci idan sun yi ƙarancin ma'aikata, kuma yawancin irin wannan kwantiragi mako 13 ne. Muna zaune a Greensboro ta jihar Karolina ta Arewa, garin da 'yan Nijar suke da yawa har mutum kan manta a ƙasar wani yake. Sai ta tafi wata uku wata jiha, ta bar ni da ɗiyarmu, muna biyan haya biyu. Ranar da na ga yarinyar ta ɗauki wayata tana ce mata Mama, ranar na san wannan zama ba zai ɗore ba. Ni kuwa aikina na rediyo ba ruwansa da inda nake: in ɗauki shiri, in tura gida ta intanet. Muka haɗa tanadin shekaru muka sayi tirela da motar jan ta, muka kama babbar hanya mai lamba 40, wadda ta ratsa Greensboro ta kuma ratsa garin da aka ba ta sabon aiki, wato Amarilo da ke arewacin Tekzas. Sama da kilomita 2,200, kwana huɗu muna tafe.

Darasin farko da gida mai taya ke koya wa mutum shi ne nauyi. Gidan ƙasa ba ya tambayar ka kilo nawa ka shigo da shi. Ita kuwa tirela, a jikin ƙofarta akwai wata takarda mai ruwan ɗorawa da ta faɗi iyakar kayan da za ta ɗauka. Tamu kilo 1,300 ne da 'yan kai, kuma har ruwan tanki a ciki yake, kowace lita kilo guda. Wanda ya zarce, tayoyi da birki ne za su ba shi amsa a tsakiyar hanya. Saboda haka muka zauna da sikeli a tsakar ɗaki, kowane abu sai ya kare kansa kafin ya shiga. Kujeru suka tafi, talabijin ya tafi, akwatunan litattafaina shida suka koma guda. Ƙamus na Bargery na 1934, wanda na yi ta fama da shi daga filin jirgi zuwa filin jirgi, na bar shi amana a Greensboro, tunda ana samun sa a intanet.

Da aka zo kan turmi sai magana ta tsaya. Turmi ne da mahaifiyarta ta ba ta, ya ƙetaro teku cikin kwantena, shi da taɓaryarsa sun yi nauyin akwatin littattafai. Na ce akwai injin niƙa na lantarki, ga shi ba nauyi.

Ta ce, "Malam, yajin inji da yajin turmi ɗaya ne?"

Na ce ba ɗaya ba ne.

Ta ce, "To."

Turmi ya shiga. Na tuna da Buzayen Abzin, waɗanda a wurinsu tanti na mace ne, ita ke zuwa da shi gidan aure, namiji kuwa a cikinsa yake zama kamar baƙo mai daraja. Ga ni nan, aikinta ne ke faɗin inda za mu sauka, kayanta ne suka fi rinjaye a sikeli. Sai dai ba a daka a ciki. Bugu ɗaya tal ya isa ya girgiza gidan tun daga falo har gado, kofuna su yi ta kaɗa juna. Mazaunin turmi ƙofar tirela ne, a kan ƙasa.

Amurkawa suna da wuraren da aka tanada don irin waɗannan gidaje, ni dai zango nake kiran su, domin ban ga abin da ya raba su da zangon fatake ba. Kowa da filinsa na tsakuwa, da turken lantarki, da famfo, da bakin magudanar ƙazanta. Ranar sauka aiki ne na wuni guda. Sai an yi baya-baya da abu mai tsawon mita 11 cikin ɗan fili, a sa wa tayoyi waigi, a sauke ƙafafun gaba, a zare motar, sannan a daidaita gidan da ma'aunin magina har ɗigon ruwan ya tsaya a tsakiya. In ba a daidaita ba, ƙofa ba za ta rufu ba, miya ta taru a gefe ɗaya na tukunya, mai barci kuma ya kwana yana gangarowa.

Sabuwar tirela ba ta zuwa a shirye, wannan duk tsofaffin zango sun sani. Mafi yawan irin waɗannan gidaje a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, da hannu kuma da sauri, sannan a ja su ɗaruruwan kilomitoci zuwa wurin masu sayarwa, hanya tana jijjiga su kamar an sa su a rariya. A makon farko muna ta share garin katako daga lunguna, muna tsintar ƙusoshin da ba mu san daga inda suka faɗo ba. Wani mahaɗin tiyo a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya riƙa ɗiga. Da na kira masu gyara sai suka ce in kai musu tirelar in bar ta makonni, kamar dai ina da wani gidan da zan kai iyali. Maƙwabcina na dama, wani dattijo ɗan fansho da ya shekara tara a irin wannan zama, shi ya zo da akwatin kayan aikinsa ya kwanta a ƙasa ya ɗaure mahaɗin cikin minti goma. Ya ce mini shekarar farko ta mai sabuwar tirela ita ce ƙarashen aikin masana'anta.

Sai maganar ruwa, kuma a nan ne na gane cewa ɗan Damagaram ya riga ya yi rabin karatun tun a gida. Tankuna iri uku ne a ƙarƙashin daɓe: na ruwan sha, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bahaya. Na ruwan sha lita 250 yake ci, wato jarka goma na 'yan ga-ruwa. A zango akwai famfo, amma a watan Maris dare kan yi sanyin da ruwa ke daskarewa cikin tiyo, dole a cire shi a koma ga tanki. Tukunyar ruwan zafi kuwa lita 23 ce kawai. Maƙwabta suka zo suna koya mana dabarar wanka irin ta sojojin ruwa: ka jiƙa jiki, ka rufe famfo, ka saba sabulu, ka buɗe ka ɗauraye. Muka saurara da ladabi har suka gama. Wanda ya tashi a garin da famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, wanda ya san wankan rabin bokiti da moɗa, ba ya buƙatar sojan ruwa. Shi kuma tankin bahaya, ka'idarsa ita ce a bar shi a rufe har ya kusa cika, a sake shi gaba ɗaya, sannan a bi da ruwan wanka ya wanke tiyon. Babban abin da ke toshe shi takarda ce da ƙarancin ruwa. Mu masu buta, ko sau ɗaya bai ba mu wahala ba. Dattijon nan ya tambaye ni wane magani nake zubawa, na nuna masa butar, ya yi ta juya ta a hannu.

Wuta ma da lissafi take. Tukwanen gas biyu ne, kowace ta ɗan fi tamu ta kilo 12, kuma a makon sanyi na'urar ɗumama ɗaki kan shanye guda cikin kwana huɗu, domin bangon bai kai kaurin tafin hannu ba. Idan aka ɗora tuwo, tururi ya kwanta a tagogi yana zuba kamar hawaye, sai an buɗe kafar rufi. Idan miyar kuka ta ji daddawa, har tufafin da ke rataye sai sun shaida.

Tufafin nan kuwa su suka zame mini ɗakin ɗaukar shiri. A can ƙuryar gaba, bayan gado, akwai lungun rataye kaya. Na gwada ko'ina a gidan, babu inda murya ke fita tas kamar tsakanin manyan rigunana na shadda da lesunan uwargida, domin su ke shanye amsa-kuwwa. Nan nake shiga da makirfo bayan yarinya ta yi barci, in kashe na'urar ɗumama ɗaki, in jira jirgin ƙasa ya wuce, domin Amarilo mahaɗar jiragen kaya ce kuma ba su san dare ba. Nijar tana gabanmu da awa shida a wannan lokaci na shekara. Mai sauraron da ke jin muryata da safe yana shan kunu bai san daga cikin kabad take fitowa ba.

Alƙibla ma sai da muka neme ta. A gida mutum ya fuskanci gabas ya ɗan karkata hagu, shi ke nan, kuma bangon ɗaki ya riƙe masa ita har abada. A nan arewa maso gabas take, gidan kuma yana juyawa: yadda aka ajiye shi a wannan zango ba haka za a ajiye shi a na gaba ba. A Amarilo ta faɗo daidai kusurwar firji, kuma filin da ke tsakanin firji da tebur sallaya biyu kawai yake ɗauka, ɗaya gaban ɗaya. A hanya mun yi ƙasaru, amma da muka sauka da niyyar wata uku sai muka cika, tunda a mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu ta isa ta mai da matafiyi mazauni. Wannan hukunci ya yi mini daɗi fiye da yadda na zata. Raka'a huɗun azahar ɗin farko su suka fara sa na ji cewa sauka muka yi, ba tsayawa ba.

Hukuma ita ma tana son ta san inda kake, ko da gidanka na yawo ne. Lasisin tuƙi da inshora da banki duk adireshi suke nema. Akwai wata ƙungiyar masu irin wannan zama mai suna Escapees, da aka kafa a 1978, wadda ke karɓa wa mutane wasiƙu a garin Livingston na Tekzas tana tura musu duk inda suke. Dubban mutane ne ke da adireshi a titi guda a can, ciki har da mu.

Duk wannan bayani na tanada kafin in kira Inna ta bidiyo. Na zagaya da ita ko'ina, na nuna mata gado, da murhu mai baki uku, da firji, da banɗaki, ina jiran ta ce kuna kwana a mota. Ba ta ce ba. Ta yaba tsabtar wurin, ta yi wa jikarta wasa, sannan ta yi shiru.

Ta ce, "To, ina baƙo zai sauka?"

Na ce, "Inna, kujerar falo tana buɗewa ta zama gado."

Ta ce, "A gaban matarka? Gida ba zaure?"

Ban sami amsa ba, domin ta taɓa inda ke ciwo. Wanda ya zana wannan gida, mutum biyu ya sa a ransa, su rufe ƙofa su kalli faɗuwar rana ta taga. Mu kuwa gidan da muka sani daga waje yake farawa: dakali, zaure, sannan tsakar gida. A Greensboro ba a mako ba a yi mana sallama ba, ga suna, ga ta'aziyya, ga wanda ya sauka daga jirgi yana neman inda zai kwana uku. A nan masallacin Juma'a tafiyar minti ashirin ne a mota, yawancin jama'arsa 'yan Somaliya da wasu baƙi masu aiki a manyan mahautan yankin. Mutanen kirki ne, amma har yau ban ji wanda ya ce mini "ina gajiya" ba.

Abin da na iya yi shi ne na buɗe rumfar tamfol da ke jikin tirelar, na shimfiɗa tabarma kusa da turmi, na ɗora shayi kamar yadda muke yi a fada. Ba da gawayi ba, domin iskar wannan yanki ba ta wasa da wuta: a Fabrairun 2024 gobarar daji ta cinye sama da hekta 400,000 a arewa maso gabashin Amarilo, mafi girma a tarihin jihar. Da ɗan murhun gas nake yi. Ƙarar taɓarya ce ta fara jawo mutane, shayi ya zaunar da su. A hankali na gane mutanen zango kashi uku ne. Akwai 'yan fansho masu bin ɗumi, hunturu a kudu, bazara a arewa. Akwai masu bin aiki irinmu: ma'aikatan jinya, masu walda, masu gyaran manyan fankokin da ke samar da lantarki daga iska. Akwai kuma na can layin baya, masu tsofaffin tireloli da tayoyinsu suka nutse a ƙasa, waɗanda tsadar haya ce ta kawo su, irin mutanen da fim ɗin Nomadland ya nuna wa duniya. Su ba sa kiran zaman nan 'yanci. A kan tabarma dai duk kofi ɗaya suke sha, kuma na koya musu cewa ba a tashi sai an sha na uku.

Wani yammaci a watan Mayu sama ta yi wani irin duhu mai kore-kore. Uwargida tana asibiti. Jiniyar gari ta ɗauka, kafin in gama sa wa yarinya takalmi har matar dattijon nan ta bugo ƙofa da ƙarfi tana cewa mu fito. Ba a fakewa cikin tirela idan guguwa mai juyawa ta taso, ɗaga ta take yi kamar kwali. Duk zangon muka ɗuru cikin ɗakin wanki, shi kaɗai ne ginin bulo a wurin, mu wajen talatin da karnuka da kyanwa a keji. Wayoyi suka riƙa ɗaukewa. Sai wani mai walda ya fito da ɗan rediyo mai batir ya kamo tashar hukumar yanayi, wadda ba ta da aiki dare da rana sai faɗin halin sama. Kowa ya yi tsit ya kewaye akwatin, kamar yadda na ga ana yi a ƙauyukanmu lokacin labaran rana. Guguwar ba ta sauka a kanmu ba, ƙanƙara ce ta zuba, ta bar mana tabo a rufi da goshin mota. Amma tun da muka shiga ɗakin wata mata daga layin baya ta karɓi ɗiyata ta rungume, ba ta sake ta ba sai da aka ce an wuce haɗari. Washegari uwargida ta aika mata da tuwo da miyar kuka. Kwanon bai dawo wayam ba.

Ba zan ce wa kowa ya sayar da gidansa ya sayi taya ba. Tirela ba fili ba ce, kullum darajarta raguwa take yi, tun daga ranar da ta bar wurin mai sayarwa. Maƙwabcin da ka fara sabawa da shi, wata safiya za ka leƙa ka ga tsakuwa kawai da alamar taya. Kuma mun san wa'adinmu: nan da shekara biyu yarinya za ta isa shiga makaranta, dole ƙafa ta tsaya wuri ɗaya. Abin da muke ragewa daga hayar da muka daina biya, can Damagaram yake tafiya, inda ake zagaye mana ɗan fili da bulo. Inna ta riga ta nuna wa magini inda zaure zai zauna. Amma a yanzu, kowane dare mu uku muke kwana a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma yarinya ta daina yi wa waya kallon uwa.

Saura mako biyu kwantiragin nan ya ƙare, an kuma ba ta wani a jihar Kolorado. Za mu naɗe rumfa, mu janye ɓangarorin gida ciki, mu juye tankuna, mu ɗaure turmi da igiya a ma'ajin ƙasa, mu bi ta kan sikelin manyan motoci mu ga ko mun ƙara nauyi. Dattijo da matarsa su ma arewa suka nufa, mun yi alkawarin haɗuwa in Allah ya yarda. Duk ɗan uwan da hanya ta biyo da shi ta wani zango a yammacin Amurka, ya ga tirela da turmi a ƙofarta, ya tsaya ya yi sallama. Tabarma tana nan, shayi kuma ba ya daɗewa.